Ya bari ne, ko an hana shi?

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Yau ba maganar baƙi da wasali na kawo muku ba. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini rai, na ce bari in kawo ta gabanku mu duba ta tare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Shekara 4 da suka wuce, cikin ɗalibaina na ajin dare akwai wani magidanci mai mata ɗaya da ƴaƴa 5. Ya yarda in ba da labarinsa, amma ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Mutum ne mai kai ƙwarai, lissafi ba ya ba shi wuya. Sai dai in ya riƙe alli, hannunsa rawa yake yi. Na zaci sanyin hunturu ne. Ashe giya ce. Wurin cin rani ya koyo ta, can bakin teku, kuma da ya dawo gida bai baro ta can ba. In akwai burukutu ya sha. In babu, ya nemi ƴar kwalbar nan mai zafi da ake sayarwa a ɓoye ranar kasuwa.

Sannu sannu damman hatsi suka riƙa fita daga rumbu. Akuyar matarsa ta bi. Ranar da aka tsince shi kwance bakin hanya da rana tsaka, wansa ya tara dangi. Aka sayar da maraƙin wan, aka kai shi wani asibiti a birni inda ake kwantar da irinsu. Ya yi wata 2. Ya dawo ya yi ƙiba, idonsa ya yi fari, hannunsa ya daina rawa. Aka yi ta zuwa barka. Kowa na cewa ya warke.

Kwana 24 da dawowarsa, ranar kasuwa, aka sake tsintarsa a buge.

Da dare wansa ya zo ƙofar gidana, ya zauna ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Wata 2 yaron nan bai sa ko ɗigo a bakinsa ba. To, da ma bari ya yi, ko dai hana shi aka yi? In hana shi aka yi, maraƙina ya tafi a banza."

A daren nan na rasa amsar da zan ba shi. Abin da na samo daga baya shi ne zan gaya muku.

Ciwo ne ko hali ne?

Mutanenmu sukan ce mashayi marar zuciya ne, da ya ga dama da ya bari. Akwai ƴar gaskiya a ciki. Ƙoƙon farko ba wanda ya ɗura masa, shi ya ɗauka da hannunsa. Amma majo na gidan likitarmu ya yi mini bayanin abin da ke biyo baya. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. In mutum yana sha kullum, shekara da shekaru, ƙwaƙwalwar sai ta ƙara ƙarfi don ta ture abin da ke danne ta. Kamar mutum biyu ne ke tura ƙofa, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. In na waje ya saki farat ɗaya, na ciki sai ya faɗi da ka.

Shi ya sa wanda ya daɗe yana sha, in ya tsaya rana ɗaya, jikinsa ke rikicewa. Bayan awa 6 zuwa 24 hannu ya fara rawa, zufa ta karyo, amai ya taso, barci ya gagara. Wasu su yi jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na 2 zuwa na 4 wasu sukan ruɗe, su yi ta gane-gane, su ga macizai da ƙwari inda babu kome. Mu sai mu ce iskoki ne. Wannan hali yana iya kashe mutum. Saboda haka ku riƙe wannan da kyau: kada ku kulle babban mashayi a ɗaki ku ce yau sai ya bari. Ku kai shi gidan likita. Likita na da maganin da ke saukar da shi a hankali cikin kamar mako 1, da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a 2024 cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ta ce mutum miliyan 209 ne giya ta kama har ba sa iya rabuwa da ita.

To, ciwo ne ko hali ne? Ni a ganina ya fara da hali, ya ƙare da ciwo. Wanda ya faɗa rijiya da ganganci, laifinsa ne. Amma ba a tsayawa bakin rijiya ana yi masa faɗa. Igiya ake jefa masa. Shi kuma nasa aikin ya kama igiyar.

Gidan mari da gidan jinya

In dangi suka gaji, sukan ce a kai shi wani wuri a tsare. A nan sai a yi hattara, don wuraren iri biyu ne.

Akwai gidan mari, inda ake sa wa mutum ƙarfe a ƙafa, a yi ta dukansa da sunan gyaran hali. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Kaduna, a Najeriya, sun shiga wani irin wannan gida a unguwar Rigasa. Sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura. Yawancin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Iyayen ba mugaye ba ne. Dubara ce ta ƙare musu.

Ku yi tunani. Mutumin da aka ɗaure bai sha giya ba, wane yabo za a yi masa? Ko akuya in aka ɗaure ta ba ta shiga gonar wake. Ranar da aka kwance ta ake sanin halinta. Mari yana koya wa mutum tsoro da ɓoye-ɓoye da ƙiyayyar danginsa. Yakan fito da ƙishirwarsa yadda ya shiga da ita, ga kuma baƙin ciki ya ƙaru, baƙin ciki kuwa shi ne babban abokin giya.

Akwai kuma gidan jinya na gaskiya. Mu mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, hanyarmu takan fara daga gidan likita na kusa, ko a Matankari kake, ko Gesheme, ko Kore Mairuwa. Majo zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura asibitin Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai, inda babban asibitin ƙasa yake da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. A hayin iyaka kuma akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato. Ga alamun da za ku gane wurin kirki da su. Akwai likita da magani. Ba duka, ba sarƙa, ba horon yunwa. Ana barin dangi su shiga su ga nasu. Ana zama da majinyaci a yi magana da shi kamar mutum. Tun kafin a sallame shi ana tambayar inda zai koma da abin da zai yi.

Iri da dashe

Me gidan jinya ke iya yi? Yana iya fitar da mutum daga kwanakin haɗari da ransa. Yana ba hanta da ciki hutu. Yana raba shi da abokan sha na ɗan lokaci, hankalinsa ya dawo, ya ga ɓarnar da ya yi da idonsa. Yana koya masa ya san lokutan da ƙishirwar ke taso masa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma akwai abin da ba ya iyawa. A can ba kasuwa, ba mai bin bashi, ba kukan yara, ba tsohon aboki mai kira daga bayan danga. Rashin sha a can yana da sauƙi.

Ku masu garka a bakin Tapkin Saw da cikin fadamun dallol kun fi ni sanin wannan. In an zuba irin tumatir ko kabeji a fangali, ana yi masa rumfa, ana ba shi ruwa safe da yamma, sai ya fito shar. Wane mai garka ne zai ga haka ya ce ya gama aiki? Ranar dashe ake fargaba. An cire shi daga inuwa an kai shi fili, ga rana, ga iska. In ba a bi shi da ruwa ba a kwanakin farko, sai ya kwanta. Ba wanda zai ce laifin fangalin iri ne.

Haka muka yi da ɗalibina. Mun yi masa barka, muka watse. Ya dawo cikin rani, ba aikin gona, ba sana'a. Daga safe har dare yana zaune. Bashin da ya bari yana jiransa. Masu kirki suna gaishe shi daga nesa, ba mai jansa a jiki. Yara na kiransa da tsohon sunan da aka laƙa masa. Su wa suka zo hira wurinsa kullum? Abokan shansa na da. Su kaɗai ne ba su ƙyamace shi ba. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To, mu ne muka bar shi da maɗaukan kanwa.

Yadda wasu suka yi

Wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya gane wannan tun da daɗewa. A shekarar 1954, a asibitin Aro kusa da Abekuta, ya fito da wata dubara don masu taɓin hankali. Maimakon a kulle su, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Kowane majinyaci da ɗan'uwansa guda mai zama da shi, uwa ko ƙanwa ko wa. Da rana su zo asibiti a yi magani, da yamma su koma cikin jama'a. Majinyaci bai rabu da zaman mutane ba, ɗan'uwansa kuma ya koyi jinya. Ba don mashaya ya yi abin ba, amma darasin ya shafe mu: a yi wa mutum magani tare da wanda zai koma gida da shi.

A ƙasar Amurka kuma, a garin Akron, a shekarar 1935, mashaya biyu suka haɗu. Ɗaya ɗan kasuwa ne, Bill Wilson, wanda aka sha kwantarwa a asibiti yana komawa. Ɗaya likita ne, Bob Smith, wanda iliminsa bai hana shi sha ba. Suka gano cewa in mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, ƙishirwar takan yi sauƙi. Daga nan ƙungiyar mashaya masu sakaya suna ta tashi, yau tana ƙasashe fiye da 100. Ba sa rantsuwa cewa har abada sun bari. Alkawarin yini ɗaya suke ɗauka, gobe su sake ɗaukar wani.

Kada ku ce wannan abin Turawa ne. Dubi Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Mace ita kaɗai ba ta iya ajiye dala, buƙata sai ta cinye. Amma in sun haɗu kowane mako, kowa na ganin kowa, sai asusu ya cika. Abin da ya tara kuɗi yana iya tsare mutum.

In ya koma fa?

Masu bincike a Amurka sun ce cikin mutum 10 da aka yi wa jinyar shaye-shaye, 4 zuwa 6 sukan sake komawa. Watannin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Wannan lissafi bai kamata ya karya mana zuciya ba. Mai hawan jini ma in ya bar magani ciwonsa na tashi, ba a kuwa cewa likita ya yi ƙarya. Komawa alama ce cewa akwai wata kafa da ba a toshe ba. Sai a nemo ta.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ko a Madina ba rana ɗaya aka hana giya ba, daki-daki hanin ya sauko. Sun kuma ba mu labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya gaji ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya shaidi mutumin da son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, ba a jefar da mutumin ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Amma a nan dole in faɗi wata gaskiya. Matar ɗalibina ta tare ni wata rana ta ce: "Malam, kowa cewa yake in yi haƙuri. Haƙuri ake zuba wa yara a kwano?" Ta fi ni gaskiya. Sau da yawa in mun ce a tausaya wa mashayi, mace muke ɗora wa kayan, mu koma gefe. Wannan zalunci ne. In yana dukanta ko yana dukan yara, ba maganar haƙuri, a raba su tukuna, a sa maigari da iyaye a ciki. Abincin yara yana gaba da kome. Kuma tausayi ba shi ne a riƙa biya masa bashin giya ba, ko a riƙa yi masa ƙarya don rufin asiri. Wanda kullum ake share masa ɓarna ba zai ga ɓarnar ba. Kayan nan na maza ƴan'uwansa ne, da abokai, da liman, da mu malamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amsar da na ba wansa

Ɗalibina ya yi wajen wata 2 yana sha bayan komawarsa. Wata rana da asuba na ji sallama. Shi ne, jikinsa na kyarma. Ya ce: "Malam, raka ni wurin majo. Wancan karo kai ni aka yi. Yau ni nake so."

Wannan karo kwana 10 ya yi a asibiti, wansa na tare da shi. Kafin su dawo muka zauna da dangi muka shirya. Wansa ya yanka masa fangali 6 a garkarsa, don ban ruwan yamma ya faɗo daidai lokacin da ƙishirwar ke taso masa. Ranar kasuwa ba ya tafiya shi kaɗai, kuma shi da bakinsa ya ce kada a bar kuɗi a aljihunsa. Muka samo wasu mutum biyu da suka daɗe da bari, suna zama da shi kowane daren Alhamis bayan an tashi aji. Liman ya riƙa aikensa, don mutane su ga an yarda da shi.

Ni kuma na ba shi kaye da bik. Kowane dare in bai sha ba, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta dala 100 a gefe, don abin da yakan kashe ke nan a yini. Ranar da ya cika kwana 30 ya yi lissafi da kansa a gaban aji, ya sami jika 15. Ya daɗe yana kallon allo bai ce kome ba. Ku ma ku lissafa na shekara, za ku sami jika 182 da rabi.

A wata na 5 ya zame sau ɗaya, a wurin wani biki. Da safe ya je ya gaya wa wansa da kansa. Wan ya ce: "To, tashi mu tafi garka." Ba a yaga kayen ba, an bar layin ranar ba rubutu, aka ci gaba. Yau ya fi shekara 3 yana cika kaye. Ya mayar wa matarsa akuyarta. In ka ce masa ya warke sai ya ce: "A'a, na yau dai na samu."

Ga amsar da na ba wansa, bayan na daɗe ina nema. Na ce: "Yaya, wata 2 ɗin nan hana shi aka yi, gaskiya ne. Amma maraƙinka bai tafi a banza ba. A can ya ɗanɗana zama da hankalinsa, shi ya sa ya san abin da zai nema da ya zo ƙofata da asuba. Bari kuwa, a gida ake yinsa, kowace safiya. Shi ke bari, ba mai bari dominsa. Mu namu shi ne kada ya waiwaya ya ga ba kowa."

Ƴan'uwa, kusan kowane gari akwai irin wannan mutum. Wataƙila a gidanku yake. Wataƙila kai ne mai karatun nan, hannunka na rawa a kan takarda. In kai ne, kada ka tsaya farat ɗaya kai kaɗai, je ka ga majo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ɗan'uwanku ne, kafin ku sayar da dabba ku kai shi jinya, ku zauna ku amsa tambaya uku. Wa zai raka shi? Wane aiki zai tarar in ya dawo? Su wa za su zauna da shi da yamma?

Ku tattauna wannan a ajinku, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.